Ranar da Na Kafe da Kakanka a Fadama

Dandume, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya kai ka Malumfashi lafiya, ya sa ka shiga wannan aiki da ƙafar dama, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya da na mutanen da suka cika mana daji. Amin.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali tsakanin ɗakina da naka bai fi taku goma ba. Dalili shi ne a gidan nan ba a sauraron maganata, kuma ba yau aka fara ba. Da na buɗe baki na ce lokacin da nake tuƙi, sai Innarku ta tuna ta bar tukunya a wuta, yayyenka su tuna ba su yi alwala ba, kai kuma ka sunkuya kan waya. Da sitiyari na ci da ku, da shi na tufatar da ku, amma ba wanda ya taɓa zama ya ce Baba, yaya kuka yi da hanyoyin nan tun ba a zuba musu kwalta ba? Kai da za ka koyi mota ma sai ka wuce ni a zaure, ka tafi Funtua aka koya maka zagaye ganga a filin ƙwallo. Ban manta ba. Shi ya sa na kira maƙwabcinmu Malam Bulus, tsohon malamin makaranta, ina faɗa yana rubutawa, tunda ni ban yi boko ba. Na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana ko ɗaya.

A bakin Innarku na ji cewa jif ɗin asibiti za a ba ka, ka riƙa kai malaman lafiya ƙauyuka, kuma wai za su gwada ka daminar nan kafin su ce ka zauna ko ka koma gida. To ga ruwa ya sauka. Ba a kwalta za su gwada ka ba, a laka ne. Kuma ka san yadda zamani ya koma. A da idan mota ta kafe, abin da za ka yi asara yini ne da tufafinka. Yanzu wanda ya kafe a bayan gari da mutane a mota, ba ya da tabbacin waɗanda za su fara iske shi. Don haka ka karanta wannan har ƙarshe, ko da kana jin haushina.

Motar da na fi daɗewa a kanta jif ce koriya mai rufin tamfol, ta maigidana, wani Alhaji mai sayen auduga da hatsi a Funtua, Allah ya jiƙansa. Har yanzu idan hadari ya haɗo ina jin warin tamfol ɗin nan a hancina. In fito da sassafe bayan an kwana ana ruwa, masara ta kai ƙugu hagu da dama, shanun huɗa sun fita, mata suna tsinkar rama a bakin gona suna ɗaga mini hannu. Duk ƙauyen da na shiga tsakanin Mahuta da Maska an san ƙarar motar nan. Kafin in kashe inji an kawo mini fura. Ba na jin akwai wanda ya ji daɗin duniya kamar ni a shekarun nan, duk da ban tara komai ba.

Amma daminata ta farko wauta na yi ta yi. An ɗora mini taki in kai Mahuta. Na iske laka ta cinye hanya, tsawonta kamar daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci. Sai na ja da baya, na taho da gudu a giya ta uku, a tunanina ƙarfi ne zai fitar da ni. Ina kaiwa tsakiya mota ta fara nishi, na taka kuloci don in sauya giya, ita kuwa ta tsaya cak. Maimakon in haƙura, sai na danne totur har ƙasa. Tayoyi suna ta juyawa suna watsa taɓo sama, ni ina jin kamar aiki nake yi, ashe rami nake haƙa wa kaina. Kafin in farga cikin motar ya zauna daram a ƙasa. Manoma suka bar aikinsu suka sauke takin nan buhu-buhu a ka. Wata tsohuwa da ta tsaya kallo ta tambaye ni ko rijiya Alhaji ya aiko ni in haƙa musu, in haka ne sun gode, amma ba nan suke so ba.

To ka ji. Duk abin da za ka yi, ka yi shi tun kana kan busasshiyar ƙasa. Ka sa ogzilari, wato ƙaramar giyar nan da ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, tun ba ka shiga ba. Idan taku irin wadda ake murɗa makulli a tayoyin gaba ce, ka sauka ka murɗa, kada ka ce sai ka ga hali. Ka ɗauki giya ta biyu, ka shiga da tafiya kamar ta mutum mai sauri, ba mai gudu ba, ka riƙe ƙafarka a wuri ɗaya. Kuloci kuwa ka manta da shi har sai ka fita. Idan ka ji taya ta fara juyawa a banza, ka ɗan sassauta totur, ka riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan don gefen taya ya sami abin kamawa. Idan ta tsaya, ta tsaya. Ɗage ƙafarka nan take, ka sa ribas ka bi sawunka ka koma. Ba wanda zai rage maka albashi don ka ja da baya. Kuma kada ka zura manyan yatsunka cikin sitiyari. Nawa na hagu da kake gani a karkace, ba haka aka haife ni da shi ba, kututture ne a ƙarƙashin laka ya fizge sitiyarin.

Abin da ya fi wannan muhimmanci ban koye shi wurin direba ba, wurin wani Bafillace na gani. Na zo wani wuri ruwa ya kwanta a hanya, ga gefe kuma fili lumui, ciyawa kore shar. Ina shirin bi ta ciyawar sai na ga ya kora shanunsa ta cikin ruwan, suka haye ƙafafunsu fes. Wata karsana da ta kauce ta bi ta ciyawa sai da ta nutse har gwiwa. Na sauka na tuɓe takalmi, na naɗe wando, na ari sandarsa na shiga. Ƙarƙashin ruwan nan tsakuwa ce da yashi, ruwan ya wanke lakar ya tafi da ita. Ciyawar kuwa na soka sanda ta shige kamar a cikin kunu. Tun ranar ban sake shiga wurin da ban sani ba sai na taka shi da ƙafata, in ban da rana ɗaya da zan gaya maka. Direbobi a tasha suna mini dariya wai Iro mai wankan taɓo. Su ne kuma nake wucewa a hanya suna haƙa.

Kai ma haka za ka yi. Ka ajiye sanda a mota, ka sa mata alama daidai tsayin cikin motarka daga ƙasa. Ka taka inda tayar dama za ta bi, ka dawo ta inda ta hagu za ta bi. Jar ƙasa santsi gare ta amma tana da gindi. Baƙar lakar fadama ita ce mugunyar, musamman inda ta yi sumul kamar an shafe ta da hannu. Idan akwai sawun motar da ta riga ka, ka bi shi, sai fa idan babbar mota ce ta zurfafa shi har tudun tsakiya zai tokare ka. Sawun amalanken shanu kuwa kada ya ruɗe ka. Amalanke ba ya da nauyinka, kuma shanu suna da dabarar cire ƙafa wadda taya ba ta da ita.

Akwai wata wautar da har yau nake jin nauyinta. Wata rana na ga hanya ta ɓaci, sai na ce bari in ratsa ta gefen gonar wani in zagaye. Gonar auduga ce an yi mata huɗa, ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi fiye da hanyar da nake gudu. Ban yi tsawon mota uku ba na zauna. Mai gonar ya zo, dattijo ne, bai zage ni ba. Ya kwance shanunsa daga garma ya ɗaura igiya ya ja ni. Da na fito sai ya tsince audugar da na tattake, ya ɗora mini a kan kujera, ya ce in kai wa Alhaji, in gaya masa bana ga tasa audugar ta riga ta kowa zuwa kasuwa. Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Kada ka shiga gonar mutane, Habibu. Ba ta fi hanya ƙarfi ba, kuma gobe ta ƙofar gidansu za ka wuce.

Idan kuma Allah ya ƙaddara ka kafe, to ka kashe inji ka sauka ka duba kafin ka kira kowa. Kada motarka ta rabu da shebur da adda da igiya mai kauri da guntun katako da famfon iska. Ka kwashe lakar da ke gaban tayoyi da wadda ta tokare ciki. Ka ɗora jak a kan katakon, in ba haka ba jak ɗin ne zai nutse ya bar motar. Ka cusa rassa da duwatsu ko kara a ƙarƙashin taya. Ka rage wa tayoyi iska har ka ga sun ɗan baje, amma da ka hau tudu ka mayar, don ni na taɓa mantawa na kashe wa Alhaji sabuwar taya kafin in kai Funtua. Masu turi kada su tsaya daidai bayan taya, kuma kowa ya yi nesa da igiya idan ana ja. Bayan ka fita ka yi ta taka birki a hankali har ya bushe ya dawo kamawa. Malam Bulus ya ce hannunsa ya gaji, wai wannan ai littafi ne. Na ce masa ya sha ruwa, ban ma zo kan abin da ya sa na kira shi ba.

Duk wannan da na lissafa maka na san shi sarai ranar da na kafe da kakanka, mahaifin Innarku. Lokacin aurenmu bai fi shekara biyu ba. Cikin watan da ruwa ya fi yawa, da hantsi, sai ga ɗan aike a keke daga wani ƙauye bayan Maska, cewa yayan kakanka ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. Su biyu ne kaɗai uwarsu ta haifa, kuma yayan nan shi ya riƙe shi tun suna marayu. Alhaji ya ce in ɗauki mota in kai su. Kakanka ya zauna a gaba kusa da ni, kawunka Sale da wasu dattawa uku a baya.

Kai ba ka san yadda muke da surukai a lokacin ba. Yanzu ina ganin samari suna zama kujera ɗaya da uban matarsu suna kallon ƙwallo. Mu idan ka hango shi a hanya sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa tun daga nesa. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka ɗaga ido, ba ka kiran sunansa, har mai irin sunansa sai ka sake masa wani. Shi ma ba ya yi maka magana kai tsaye idan akwai wanda zai isar. Tunda muka tashi daga Dandume ban juya wuyana ta ɓangarensa ba. Gumi kawai nake yi cikin babbar riga.

Muka wuce Maska lafiya, muka gangara wata fadama. Daga nan ana hango rimin ƙauyen. Ruwa ya kwanta a kan hanya jawur, a hannun dama kuma ga ciyawa shimfiɗe da sawun amalanke a kanta. Na tsaya. Ƙafata har ƙaiƙayi take in sauka in taka, amma yaya zan tuɓe riga in naɗe wando har cinya a gaban surukina? Na kuma san ya kamata mutum biyar su sauka a rage nauyi, amma da wane bakin zan ce masa ya sauka ya taka taɓo? Ina cikin wannan sai kakanka ya ɗan juya baya, ya ce wa kawunka Sale, "Ku ce masa ya bi ta dama, ta kan ciyawa. Nan muke bi da shanu."

Kawunka ya maimaita mini kamar ban ji ba.

Habibu, wallahi na san abin da ke ƙarƙashin ciyawar nan kamar yadda na san abin da ke aljihuna. Na san ta cikin ruwan ne hanya. Kalma huɗu ce za ta fitar da mu. Na buɗe baki, sai na ji na ce to. Na sa ogzilari, na ɗauki giya ta biyu, na yi komai daidai yadda na gaya maka, na karya sitiyari dama. Ba mu yi tsawon mota huɗu ba gaba ya nutse har fitilu.

Sai ga shi duk abin da nake jin kunya ya faru, har da ƙari. Na tuɓe rigar, na shiga laka har ƙugu a gabansa. Dattawan suka sauka cikin taɓo da fararen kayansu. Muna haƙa muna cusa rassa, aka kira azahar muna ji daga ƙauyen. Sai kakanka ya buɗe ƙofa. Ya sauka ya tattare rigarsa a kafaɗa, ya riƙe takalmansa a hannu, ya ratsa fadamar nan da ƙafa, yana zurmawa yana cirewa, dattijo mai ciwon gwiwa. Kawunka ya bi shi. Daga baya aka gaya mini a bakin gari suka haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta da fartanya a kafaɗa. An jira shi har aka ga hadari na haɗowa, aka ce ba za a ƙara ajiye gawa ba. Bai ga fuskar ɗan'uwansa ba, bai sallace shi ba, bai zuba masa ƙasa ba.

Ni kuwa sai la'asar aka kawo shanu huɗu suka fizge ni. Da zan koma na ce bari in gani da idona. Na bi ta cikin ruwan nan. Ko tangarɗa motar ba ta yi ba, ruwan bai ma kai rabin taya ba. Na haye na tsaya a tudu, na kifa kaina a kan sitiyari.

Kakanka ya rayu shekaru masu yawa bayan wannan, kai ma ka san shi, shi ne mai ba ka rake. Bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. Idan na je gaishe shi sai ya sa a kawo mini tabarma, ya tambayi Innarku ko ina samun hutu. Amma bai sake shiga motata ba har ya koma ga Allah. Ko asibitin Funtua za shi, sai ya ce a nemo masa ta haya. Kawunka Sale kuwa har gobe, a wurin suna ko ɗaurin aure, sai ya san yadda ya yi ya ce ai Iro ne direban da ya hana Malam binne yayansa. Shi da ya isar mini da saƙon da bakinsa. Ban taɓa tanka masa ba, saboda idan na ce ba ni na zaɓi hanyar ba, mamaci na ɗora wa laifi.

Ga dalilin da ya sa na ba ka wannan labari. Motar da za ka ja manya ne a cikinta. Likita zai zauna inda kakanka ya zauna, da agogo a hannu yana cewa an makara, ga allurai suna jira, bi ta can. Kai kuma sabon ɗauka, kana tsoron kada a ce ba ka da ladabi a sallame ka. Na san ka, ɗan gidan nan ne kai, ko ƙanwar Innarku ba ka iya kallo ido cikin ido. To ka gaishe shi da girmamawa, ka ce ranka ya daɗe a yi mini haƙuri, sannan ka tuɓe takalminka ka shiga ka taka. Idan sauka ta kama ka ce su sauka, har da matan, ka nuna musu inda za su bi. Idan ba ta biyuwa ka ce ba ta biyuwa, ka juya tun rana na sama. Ya yi fushi a mota ya huce a gida. Idan ka bi maganarsa kuka kafe, ba zai tuna shi ya ce ba, kuma ba shi za a kora ba.

Innarku tana gaishe ka, ko da yake a tsakar gida take tana ƙulla maka yaji da kuka. Ita za ta sa takardar nan cikin jakarka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya fitar da kai daga kowace fadama, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba. Allah ya sa su riƙe ka a aikin, ya dawo mana da kai lafiya da kaka. Ka riƙe salla, ka yi addu'a kafin ka tayar da inji.

Saura abu ɗaya, kuma ba roƙo nake yi ba. Na tambayi liman abin da ya kamata in yi a fadamar nan, ya ce ƙaddara ce. Na sani, ba ita na tambaya ba. Na tambayi Innarku, ta ce in bar tone-tone. Yanzun nan na tambayi Malam Bulus, ya ajiye biro ya ce shi rubutu aka kira shi. Ni na gaya maka ka yi wa likita magana, amma likita ba surukinka ba ne, bai ba ka 'yarsa ba. Da na buɗe baki ranar nan na ce wa kakanka a'a a gaban ɗansa da dattawan garinsu, da ya binne ɗan'uwansa, ni kuma da an ce Innarku ta auri marar kunya. Na yi shiru, ga abin da ya biyo baya. Wanne ne daidai? Kai ka yi karatu, kuma yanzu kai ma direba ne. Ka zauna ka rubuto mini amsa da hannunka kafin Juma'a biyu, Malam Bulus zai karanta mini. Kada ka aiko ta bakin Innarku, kada kuma ka kira waya ka ce mini Baba a yi haƙuri ya wuce. Bai wuce ba. Ka ba ni amsa.

Mahaifinka,
Iro Direba